Ranar da Na Tafa wa Ƙudajena

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka gayyace ni jami'a ba. Ni mai kilishi ne a Zongo, sana'ar da na gada wurin mahaifina. A lokacin manyan kantunan Kwatano sun ƙi karɓar kayana, wai sai da takardar gwaji ta labo, wato ɗakin binciken masana (ni da mahaifina ya ciyar da rabin unguwa, wai ni za a gwada!). Ciniki yana ta ja baya, har na fara tunanin rufe wurin.

Ana haka wata Dakta daga jami'a ta sauko daga zem, babur ɗin haya, ta ce suna neman masu sana'a su yi aiki tare. Ta ɗauki hotuna, ta sayi kilishi, ta tafi. Bayan wata biyu sai ga takardar gayyata. Na zura babbar rigar Sallah, na ja maƙwabcina Alhaji Ilu don ya fi ni jin Faransanci (nawa iyakarsa ciniki a kasuwar Dantokpa).

Ana cikin jawabi sai ga hoton shanyata a bango, ƙato. Wallahi daɗi ya kashe ni. Na miƙe ina tafi, ina cewa, "Nawa ne! Wurina ne!"

Jama'a suka juyo suna kallona. Alhaji Ilu ya ja rigata.

"Malam, zauna don girman Allah. Abin da aka rubuta a ƙasa, wai ga yadda bai kamata a shanya nama ba."

Sai lokacin na ga ƙudajen. Na ga akuyar maƙwabta. Na ga ƙafata ma, ina sharar barci ƙarƙashin gadon shanya.

Kwana uku ban fita ba don kunya. Ran na huɗu Dakta ta zo da kanta ta ba ni haƙuri, ta ce ai ta ɓoye sunana, ni na tona kaina. Ta kawo ɗalibai biyu su yi sitaj, wato koyon aiki, a wurina. Suka haɗa mini akwatin shanya mai raga da gilashi, naman farko ya fito kamar takalmi. Na ce, "Dakta, ku kuna da labo, ni ina da labu." Na koya musu yanka da shafin labu, haɗin ƙuli da yajin nan na kilishi, suka koya mini tsabtar da ido ba ya gani.

A shekara ta biyu takardar ta fito. Yanzu kilishina yana kantunan nan da suka kore ni, ni kuma ake kira in yi wa sababbin ɗalibai bayani. Har yau ana nuna hoton nan, da sabon a gefensa.

Darasin da na koya? Ba na yin tafi sai Alhaji Ilu ya fara.