Yadda Ake Shirya Landiroba Ta Riga Fijo Zuwa Kwandiko

A shekarar kuɗin Udoji, lokacin da ko masinjan ofis yake ɗaga hanci idan an ce ya hau keke, Alhaji Barau mai sayen gyaɗa ya sayo tsohuwar Landiroba a gwanjo, ya kawo ta bakin tashar Birnin Kudu don a gani. Ɗan'azumi direba, mai sabuwar Fijo da yake jigila da ita tsakanin Kano da Bauchi, ya zagaya ta sau biyu yana ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa.

Ya ce, "Alhaji, wannan akurkin kaji nawa yake ci?"

Barau ya ce, "Akurkin nan zai riga gwangwaninka zuwa duk garin da ka zaɓa."

"Kwandiko, can ƙasar Gwaram. Ranar kasuwa, sati uku masu zuwa."

"Na yarda. Kowa ya bi hanyar da ya ga dama. Motar da ta fara shiga kasuwa ita ta ci."

Da yake caca haramun ce, ba a sa ko kwabo ba. Abin da aka sa ya fi kuɗi ciwo: wanda ya faɗi, za a rubuta masa abin da mai nasara ya so a bayan motarsa, ya yi shekara guda cur yana yawo da shi. Ni Abdulsalami, tsohon ɗan kamasho, ni na raba hannunsu, ni aka naɗa alƙali. Ni ne kuma na riƙa ba Barau shawara a ɓoye, domin alƙalin da bai san ciki da wajen shari'a ba ai ba alƙali ba ne.

Barau ya ci. To kai ma, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya ba ka tsallake ko guda ba, na ɗaukar maka alkawari za ka ci, kuma sunanka zai kai garuruwan da ƙafarka ba ta taɓa takawa ba.

Mataki na ɗaya: Fara kayar da motocin mutane da baki

Ba a gwada mota a kan hanya sai an gama gwada ta a kan benci. Nemi gindin mai shayi, ka harɗe, ka jira. Duk motar da ta wuce ka ba ta haƙƙinta.

Boswaja ta wuce? Ka ce wace irin halitta ce wannan, ƙarfinta a gindi kamar kunama. Marsandi ta wuce? Ka ce amaryar birni ce, in ta ga kwata sai an shimfiɗa mata tabarma. Sitiron kuwa ka ce raƙumi ce, ba ta tashi sai ta gama durƙuso. In aka zo kan Fijo, kada ka musa cewa tana gudu. Ka ce, "Zomo ma yana gudu, amma a tukunya yake kwana."

Kada ka yarda a tambaye ka gudun taka motar. In an matsa, ka ce giwa ba ta tsere, isowa take yi. Barau ya faɗi haka sau ɗaya, ya ji daɗinsa a baki, daga nan ya raɗa wa motar suna Giwa.

Mataki na biyu: Ƙara mata nauyi

Motar daji da mai sarauta ɗabi'arsu ɗaya, ramammensu ba ya kwarjini. Kai ta gareji. Barau ya kai tasa wurin Cornelius bakanike, mutumin da in ya kasa kunne a jikin inji yakan gaya maka abin da ke damunsa tun kafin a buɗe.

Sa a liƙa mata guntun ƙarfen dogo a gaba, irin na hanyar jirgi, ko da za ka yi karo da kuka. Sa a ƙera mata keji a bisa, a ɗora tayoyin safaya guda biyu, da garwar fetur, da garwar ruwa, da shebur wanda ba za ka taɓa saukewa ba. Shebur na ado ne. Mai babbar riga ba ya haƙa.

A ciki kuma a sa kushin mai taushi da labule mai geza. Matar Barau, Hajiya Batulu, ita ta ɗinka labulen. Da ta leƙa ta ga an gama, ta ce, "Alhaji, yanzu saura jere. In kawo tasoshi da kwalla?"

Kada ka kula. Mata ba su san mota ba.

Mataki na uku: Hon

Guda ɗaya na talaka ne. Sa uku, har da irin na gingimari wanda ke sa akuya ɓari.

Mataki na huɗu: Cire duk abin da ba ka san amfaninsa ba

Wannan shi ne zuciyar aikin, ka buɗe kunne.

In ka shiga Landiroba za ka ga sandar giya babba, wadda kowa ya sani. A gefenta akwai wasu 'yan sanduna biyu, ɗaya da jar hula, ɗaya da hula ruwan ɗorawa. Ba sa gaisuwa, ba sa komai, suna tsaye kamar 'yan rakiya. Ranar farko da Barau ya zo fita, mai jar hular ta kama masa hannun riga, shadda mai aiki, ta tsarge ta har gwiwar hannu, a gaban mutanen tasha.

Washegari ya ce wa Cornelius, "Oga, yanke min waɗannan 'yan iskan."

Cornelius ya ajiye sufana ya dube shi. "Alhaji, su ne motar fa."

"Su ne motar? To wannan ƙaton injin na mene ne?"

"A kan titi ƙafa biyu take tafiya da su, na baya. In ka shiga yashi ko taɓo, waɗannan su ke tashin na gaba, ta ja da huɗu. In na yanke su, ka sayi jaki ka ɗaure masa ƙafa biyu ke nan."

Barau ya juyo ya dube ni. Ni kuwa na tambaye shi abu ɗaya kawai: tun da ya saye ta, ya taɓa taɓa su? Ya ce a'a. Ta ƙi tafiya? Ya ce a'a. Na ce to.

Cornelius ya ce a yi masa shaida ya faɗa. Aka yi masa. Ya sa zarto ya shafe su daidai da daɓe, ya rufe wurin da gwangwani. Nan Barau ya sami wajen ajiye buta da kwandon goro, dama abin da motar ta rasa ke nan.

Abin lura: bakanike yana son ka bar komai a mota don ya sami abin gyarawa gobe. Abin da babu shi ba ya lalacewa.

Mataki na biyar: Bi ta daji, kada ka tambayi kowa

Ran tafiya sa a buga wa tayoyi iska su yi tauri kamar kalangu. Za ka ji wasu na cewa a yashi rage iska ake yi. Masu faɗar haka ba su taɓa sayen taya ba.

Ni tun jajibere na tafi Kwandiko, na zauna gindin tsamiyar bakin kasuwa, inda ake hango mashigin rafi sarai. Sauran labarin hanya daga bakin Barau na ji.

Sun tashi da hantsi. Ɗan'azumi ya bi titi, zai zagaya ta Gwaram. Barau ya wuce Kiyako ya saki hanya, ya yanki burtali. A nan fa Giwa ta nuna giwa ce. Kaka ta yi, an yanke dawa, ƙasa ta bushe ta yi tauri. Ta hau kunya ta sauka, ta bi tsakanin duwatsu, ta ratsa sabara tana karya kara, buta na rawa, labule na kaɗawa. Barau ya ce a ransa har ya fara tsara rubutun da zai sa a bayan Fijo. Ya tsara guda bakwai, kowanne ya fi na baya zafi.

A wajen Farin Dutse wata tsohuwa mai itace ta ɗaga masa hannu tana nuna wata hanya, tana cewa wani abu game da yashi. Ya danna mata hon na gingimari. Haka ake yi. In ka tsaya sauraron masu tafiya a ƙasa, me ya raba ka da su?

Mataki na shida: In ta kafe, taka totur

Kafin azahar sai ga shi ya ɓullo a gaɓar rafin Kwandiko. Ba ruwa, yashi ne fari fat, faɗinsa bai fi jifa biyu ba. Kasuwa na ci a tsallake. Babu Fijo, babu alamarta.

Ya shigo da gudu. Ƙarfen dogo ya ja hancinta ƙasa, tayoyin nan masu tauri suka yanka yashi kamar wuƙa a man shanu. A tsakiya ta tsaya cak. Na baya suna juyawa, na gaba suna kallo.

To ga abin yi. Taka totur. In ta nutse, ƙara takawa. In ka ji ƙauri kamar ana babbakar ƙafar saniya, kuloci ne yake gaishe ka, ka amsa da ƙarin totur. Idan ya ƙone ƙurmus, injin na ihu taya ba ta motsi, sai ka danna hon ukun nan gaba ɗaya.

Ka ga amfanin mataki na uku? Kasuwa ta watse. Masu awo, mahauta, 'yan koli, mata masu fura, kowa ya bar kayansa ya jeru a gaɓa.

Mataki na bakwai: Karɓi taimako kamar kai ke yin alfarma

Wani manomi, Hambali, ya kawo dawa kasuwa a amalanke, ya kwance bijimansa biyu suna hutawa. Ya gangaro yana saƙale da sanda a wuya.

Ya ce, "Sannu da aiki, Alhaji. Ashe gwamnati ta tuna da mu? Shekara nawa muna roƙon rijiya."

Barau ya ce motar hutawa take.

Hambali ya leƙa ta taga. "Irin ta baturen gona ce ai. Shi in ya zo nan, wata 'yar jar sanda yake ja, sai ka ga ta haye kamar kan tabarma. Ja taka sandar mana, Alhaji."

Barau ya ja hannun riga ya rufe buta.

Can nesa, ta hanyar Gwaram, ƙura ta tashi. Ashe Ɗan'azumi ya ji labarin zarto tun a gareji, hankalinsa ya kwanta, ya tsaya a Gwaram ya yi lodi, ya sha fura, har ya yi aski. Yanzu ga shi tafe.

Barau ya ce, "Malam, kawo shanun nan."

"Shanuna ba sa jan jirgin ƙasa, Alhaji. A rage kaya. Tayoyin can na bisa ma kamar don amalankena aka yi su."

"Ɗauka! Ɗauki duka biyun!"

Aka sauke taya da garwa, aka ɗaura igiya a ƙarfen dogo, wanda a ranar ya yi aikinsa na farko kuma na ƙarshe. Hambali ya yi wa bijimai kirari, majiya ƙarfi suka sa kafaɗa a baya. Giwa ta fito daga rami, ta hau gaɓa. Da yake kuloci ya tafi, ba a kwance igiya ba. Haka ta shiga kasuwar Kwandiko, bijimai a gaba, Barau a sitiyari yana ɗaga wa jama'a hannu, labule na kaɗawa. Wani mahauci ya ɗaga murya ya ce, "A ba Alhaji Amalanke hanya!"

Ko minti biyar ba a yi ba Fijo ta iso.

Ɗan'azumi ya fito ya ce, "Baba Abdulsalami, ai ba da ƙafarta ta shigo ba!"

Na ce, "An ce motar da ta fara shiga. Ba a ce da me ba."

"To ai shanun ne suka fara shiga, su suka ci."

Na ce shanu ba su ƙulla sharaɗi ba. Shari'a ta ƙare.

Mataki na takwas: Sa sunanka a rubutun

Nasarar da ba a san mai ita ba asara ce. Barau ya so a rubuta zagi, na ce masa zagi yana gushewa, suna ne ke zama. Aka kira mai fenti ya rubuta da manyan baƙaƙe a bayan Fijo: ALHAJI BARAU YA RIGA NI.

Ɗan'azumi bai yi gardama ba, har ya ce a ƙara girman rubutun.

Fasinja kuwa ba ya ganin abu ya yi shiru. Duk tashar da Fijo ta tsaya, daga Kano har Bauchi, sai wani ya ce, "Direba, wane ne Barau? Da me ya riga ka?" Ɗan'azumi sai ya kashe mota, ya gyara zama, ya ce, "Da bijimai biyu." Ya fara tun daga jar hula. Aka riƙa barin wasu motoci ana jiran tasa don a ji labarin.

Bayan wata biyu Barau ya same shi a tasha, ya ja shi gefe.

"Ɗan'azumi, na yafe. Goge abin nan."

"Haba Alhaji! Alkawari kaya ne. Ga Baba shaida, shekara guda aka ce. Saura wata goma."

Da shekara ta cika, shi da kansa ya kira mai fenti ya sabunta.

Wa ya ci, wa ya sha ƙasa

Hambali ya sami tayoyin da har yau amalankensa ke tafiya a kansu. Cornelius ya sa sabon kuloci, ya kuma liƙa sabbin sanduna. Hajiya Batulu ta ɗauke tsohuwar sanda mai jar hular, da ita take iza wuta. Ɗan'azumi ya faɗi, amma motarsa ba ta sake tashi da gurbin fasinja ko ɗaya ba. Barau ya ci, kuma daga Wudil har Ningi in ka ce Alhaji Barau sai a ce wanne, in ka ce Alhaji Amalanke a nuna maka gidansa.

Na yi maka alkawarin nasara da suna, ga su nan duka biyu. Abin da ya biyo baya, ko ƙaurin kuloci ne, ko bakin mahauci, ko dariyar mai ɗakinka, babu hannuna, babu ƙafata. Ni ban taɓa tuƙa mota ba a rayuwata. Lodi kawai nake yi.