Ranar da Na Sauke Waliyyi a Kwangila

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na sauke waliyyin amarya a tsakiyar titi ba, saura minti ashirin a ɗaura aure. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Samaru, kuma ina da wata tsohuwar mota mai dogon baya da na gada wajen mahaifina. A gaban direba akwai wani ɗan agogo mai allura da ke nuna ƙarfin baƙin mai a cikin inji. Tun ina yaro nake ganin allurar nan, da an tayar da mota sai ta tafi tsakiya ta tsaya cak. Da sanyi, da zafi, ana gudu, ana tsaye, tana nan inda take. Ni kuwa na ishi kowa a ɗakin malamai da yabon motata, wai injinta bai san tsufa ba.

Wata rana na kai ta juyen baƙin mai wajen Oga Bitrus, bakanikenmu na Sabon Gari, wanda tun zamanin Baba shi ke duba ta. Ina cikin yabon nan nawa sai ya fito da kai daga ƙarƙashin bonet yana dariya.

"Ticha, wannan allurar ai kwalliya ce. Abin da ke jikin injin makunni ne kawai, irin na fitila. In dai mai yana zagayawa, komai ƙanƙantarsa, sai ta je tsakiya ta zauna."

"Wato duk shekarun nan ƙarya take yi mini?"

"An dai yi ta ne don hankalin direba ya kwanta."

Ya yi mini bayani cewa ana iya gyara ta ta riƙa nuna ainihin abin da ke ciki. A cire makunnin a ɗaura ma'auni na gaske a gurbinsa, sannan a buɗe bayan agogon a tsallake wani ɗan abu da bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ya ce in bar masa motar zuwa la'asar. Na ce a'a, da kaina zan yi. (Mutumin da ko tayar keke bai taɓa canzawa ba ke wannan magana.) Ya raka ni layin masu kayan gyara na sayi ma'aunin. Za mu rabu ya ce, "Amma Ticha, in ka sa, ka sani fa allurar za ta riƙa..."

"Oga," na katse shi, "wannan shi nake koyarwa a aji biyar."

Ya ɗaga hannuwa biyu ya ce, "Shi ke nan. Allah ya ba da sa'a."

Yammaci uku na yi ina fama a gindin mangwaron ƙofar gida. Na karya farce, na ɓatar da noti biyu, na lalata rigar da nake zuwa makaranta da ita. Amma ranar Juma'a da na murza makulli, allura ta yi tsalle ta wuce tsakiya ta hau can sama. Na ƙwala wa matata Hauwa kira daga kicin ta zo ta ga abin tarihi. Ta leƙa, ludayi a hannu, ta ce, "Abban Ilham, in dai za ta kai su Baffa gobe, ai shi ke nan." Na kashe mota na shige gida ina taku ɗai-ɗai. Ko zagaya unguwa ban yi da ita ba.

Goben nan ita ce ranar auren ƙanwar Hauwa, ƙarfe sha ɗaya a wani masallaci a Sabon Gari. Ni aka ba aikin ɗauko Baffa Sule, yayan surukina, wanda shi ne waliyyi. Dattijo ne mai kwarjini da ƙarancin magana, shekara huɗu da aurena ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ya fito cikin farar shadda, malum-malum har ƙasa, tare da amininsa Malam Idi, mai ciwon gwiwa, wanda sai da muka yi kusan minti biyar muna tallabarsa da sandarsa kafin ya shiga baya.

A hanya bakina ya ƙi zama. "Baffa, kun ga allurar nan? Da hannuna na gyara ta. Yanzu duk abin da ke faruwa a cikin inji ina gani."

"To, madalla," in ji shi.

A Kwangila muka tarar da cunkoso, wata tirela ta mutu ta tare rabin hanya. Muka tsaya, rana ta take, inji yana aiki a hankali. Na kalli allurata don in ji daɗi, sai na ga ta baro tsakiya. Na sake kallo, ta ƙara yin ƙasa. Muka matsa taku biyar muka sake tsayawa, ita kuwa sai sauka take yi har ta kusa taɓa jan layi. A raina na ce, ta faru ta ƙare. Mai ya ƙare ke nan, ƙarfe zai goga da ƙarfe, inji zai buga. Daidai nan ƙaurin hayaƙi ya bugi hancina. (Wata mata ce ke gasa masara a bakin titi. Sai daga baya na gan ta.) Na yi maza na kashe mota, allura ta faɗi warwas a kan sifili. Ko ɗan aji ɗaya ya san haka za ta yi in an kashe inji, amma ni a lokacin hujja na samu.

"Ku fita! Ku fita! Wuta za ta kama!"

Ko "Baffa" ban saka a gaba ba. Malam Idi, mai gwiwa, shi ya riga kowa, sai hango shi na yi a tsallaken titi, sandarsa tana cikin mota. Baffa ya banke ƙofa ya dira, ƙafarsa ta dama ta zarce cikin kwata, ya zaro ta babu takalmi, gefen shaddar ya koma baƙi. Kan ka ce me, masu keken haya mai ƙafa uku sun watse daga kusa da mu, wani ya sheƙa wa bonet bokitin yashi, direban wata tanka ya rugo da tukunyar kashe gobara yana tambayar ina wutar take. Aka tsaya cirko-cirko ana jira. Ko hayaƙin sigari bai fito ba.

Na ciro waya na kira Oga Bitrus. Saboda ƙarar oda na buɗe muryar wayar kowa yana ji, kuskuren da ya fi na farko.

"Oga, mai ya ƙare! Allura ta sauka ƙasa!"

"Kana gudu ne ko kana tsaye?"

"Muna cikin cunkoso."

"Tayar da ita. Ka tayar? To taka totur kaɗan."

Na taka. Allura ta miƙe sumul ta koma tsakiya.

"Ta hau, ko? Ticha, in inji ya yi zafi yana tsaye, mai yakan tsinke, allura ta sauka. Haka motar nan take yi tun Baba yana da rai, yau ne dai ka fara gani. Shi na so in gaya maka ranar nan, ka ce kai ke koyar da shi a aji biyar."

Masu keke suka fashe da dariya, har da mai dukan sitiyari. Baffa yana tsaye a gefe da takalmi ɗaya. A karon farko a rayuwata ya dube ni ido cikin ido, ya ce a hankali, "Malam, wutar ta mutu, ko da saura?"

Na roƙe shi ya dawo mota, ya ce ya gode. Mai masarar nan ta ara masa silifas ɗinta, ruwan hoda, suka hau keke shi da Malam Idi. Na bi su a baya da yashi yana zuba daga bonet. Sai sha ɗaya da rabi aka ɗaura aure, bayan dangin ango sun fara raɗe-raɗin ko waliyyi ya canza shawara ne. Kafin a shafa fatiha labari ya riga ya isa wajen mata, Hauwa ta kira ni, na ɗauka, ba abin da nake ji sai dariyarta da ta ƙannenta. Tun daga ranar sunana a gidan surukaina Malam Ku-Fita.

Bara da aka yi sunan ɗan amaryar, na sake zuwa ɗaukar Baffa. Ya leƙa cikin motar ya daɗe, sannan ya shiga, amma har muka isa hannunsa yana kan mabuɗin ƙofa. Ni kuwa na koyi darasina daidai gwargwado: duk abin da ya ba ni tsoro yanzu, a mota ko a waje, sai na fara taka totur kaɗan kafin in buɗe baki.