Ranar da Aka Yi wa Ƙudan Zumana Adalci

Daren Talata, ina dawowa daga sallar isha'i, na ji wani sauti a kan kwanon ɗakina, tak, tak, kamar ana watsa gero. Ba damina ba ce. Ni kuwa mutum ne mai son abin mamaki, har na fara murna ko wasu baƙi ne daga sama suka zaɓi Fagge.

Da gari ya waye na hau soro inda amyoyina uku suke. Ashe ƙudan zumana ne ke faɗowa. Fukafukansu sun yamutse kamar tsohuwar leda, suna tafiya da ƙafa kamar ni da ku. A bayan kowane ɗaya akwai wata 'yar kaska ja, ba ta kai ƙwayar riɗi ba, ta ɗare tana tsotsa. Amya biyu sun mutu. Saura ɗaya.

Kada ku ce gwamnati ba ta kula da mu ba. Shekarar da kaskar nan ta fara damunmu, Mai Girma Jagoran Harkokin Zaƙi da Dangoginsa ya tara mu a wani babban ɗakin taro. An kawo magani, wani fallen roba da ake ratayawa cikin amya. Kowace amya falle biyu take buƙata. Mu masu zuma ba mu cika benci ɗaya ba, amma zauren ya cika maƙil: 'yan jagaliya, mahauta, surukan Mai Girma, har da mai wankin motarsa. Allah ya ja zamaninsa, mutum ne mai tausayi, ya ce ba wanda zai fita hannu biyu. Aka aika aka ari almakashin tela. Kowane falle aka yanka shi gida huɗu. Irin wannan adalci sai a littafi.

Na rataya guntuna. Kaska ta lasa, ta ɗan yi jiri, ta miƙe. Shekarar da ta biyo aka maimaita. Yanzu jikokinta sun zama 'yan tauri. Na taka har Sabon Gari shagon Chimezie mai maganin gona, na sayo falle cikakke.

"Baba, ka makara," in ji shi. "Ba kashe ta kuka yi ba, rigakafi kuka yi mata. Wannan yanzu shayi ne a wajenta."

Bai yi ƙarya ba. Da idona na ga ɗaya tana hutawa a kan maganin.

Sai na sa wankakkiyar rigata na nufi ofishin Mai Girma. Wani ma'aikaci naɗe da carbi a hannu ya ce Mai Girma ya tafi ƙasar waje da tawaga, duba yadda ƙudan zuman can ke samun lafiya.

"Nawa fa na nan?"

"An kafa kwamitin da zai binciki dalilin da ya sa kaska ta ƙi ba da haɗin kai."

"Ranka ya daɗe, amya ɗaya ta rage mini."

"Madalla, ashe akwai saura. In za ka dawo ka taho da zuma kwalba guda, Hajiyar oga na fama da tari."

A hanyar komawa na tsaya Titin Ibrahim Taiwo in huta, sai ga Felicia, maƙwabciyata mai kosai, wadda ke sayen zumata saboda jikokinta. Ta ja hannun rigata.

"Baba, ɗaga kai. Ka zama babban mutum ba ka gaya mana ba?"

Wani ƙaton allo ne. Ga ni nan, hulata a karkace, haƙora a waje, Mai Girma ya dafa kafaɗata. An rubuta da manyan baƙaƙe cewa an ceto zumar talaka. Gaskiya hoton ya yi kyau, sun ma rage mini furfura.

Muka tsaya muna kallona, masu adaidaita na yi mana hon. Can Felicia ta gyara ɗaurin zaninta ta ce, "To Baba, in amyarka ta ƙarshen ta mutu, za su sauke ka ne, ko haka za ka yi ta dariya a nan?"