Turken Hukuma da Akuyar Inna

Abin da na fara lura da shi da na dawo hutu daga makarantar kwana a Malumfashi shi ne wani turken ƙarfe mai jan fenti a bayan gidanmu. Ni ba mai surutu ba ce, amma ina ji da idona. Nan take na yanke cewa wani ne ya yar da shi, ga akuyar Inna kullum tana tumɓuke turkenta. Ban tambayi kowa ba. Na cire shi, na kafa a gindin rumbun Baba, na ɗaure ta, har ina jiran yabo.

Ashe masu awon ƙaramar hukuma ne suka kafa shi, alamar inda sabon layi zai bi. Da suka zo, suka ja igiyar awonsu har inda na mayar da shi, suka shafa wa rumbun alamar rusau.

"Haba Malam, dawar shekara ce a ciki!" in ji Baba.

"Alhaji, mu turke muke bi."

"To akuyar fa? Ita ma ta hukuma ce?"

Daga bayan Inna na ce, da ƙyar, "Ni ce."

Rumbu ya tsira, ni ban tsira ba. Yanzu allon sabon layin na cewa Layin Makaranta, amma 'yan acaɓa Layin Akuya suka sani. Ko jiya sai da na roƙi wana: "Yaya, don Allah in ka mayar da ni makaranta, kada ka faɗi sunan layinmu."