Kyaftin da Guguwar Rana

Allah ya yi wa benen nan baiwa da Kyaftin. Bai taɓa tuƙa jirgi ba, amma ya yi shekaru yana ɗaga sandar ƙofa a wurin ajiye motoci na filin jirgin sama, kuma ilimin sararin samaniya abu ne da ke shiga mutum ta numfashi. Shi ne shugaban kwamitin tsaron bene. Shi ya ƙirƙiro kwamitin, ya ɗinka wa kansa riga mai walƙiya, ya sayi usur. Sai dai 'yan haya, da yake ba su san darajar mutane ba, sun sa ranar zaɓen sabon shugaba, har wata tela ta hawa na biyu ta fito takara.

Ana gobe zaɓe, rediyo ya ce guguwar rana na nufo duniya. Mai labarai ya ci gaba da bayani: ranar da ke sama ce ta yi aman wuta, ta watso tartsatsin da ido ba ya gani, wanda kan rikita rediyo da tauraron ɗan'adam, wani lokaci har layukan lantarki. Kyaftin bai ji wannan ba. Ya riga ya kashe akwatin, don mutum irinsa kanun labarai sun ishe shi.

Ya tara jama'a a gindin matakala.

"Guguwa iri biyu ce," in ji shi. "Akwai ta dare, akwai ta rana. Ta rana ta fi sharri, don tana ganin abin da take ɗauka. Mu da muka yi aiki da jirage mun san halinta."

Tela ta ce, "Baba Kyaftin, ni kamar na ji sun ce…"

Ya hura usur.

Aka kwashe shanya. Aka liƙe tagogi. Aka ɗaure tankin ruwa, aka ɗaure kekuna, aka ɗaure tukunyar furen wata tsohuwa da sarƙa. Washegari ya kifa hular kwano, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya nufi rufin bene. Shirinsa shi ne ya sauko buɗu-buɗu da ƙura, ya wuce kai tsaye wurin zaɓe, a ga wanda zai iya haɗa ido da shi.

"Ku kulle ƙofar nan ta ciki," ya ce. "Ko ihu kuka ji ina yi, ko roƙo, kada wanda ya buɗe sai iska ta wuce. Shugaba ba ya gudu."

Guguwar ta zo, ba ta saɓa alkawari ba. Rediyo ya koma shuuu. Hoton talabijin ya kakkarye. Taswirar wayar wani direban tasi mai haya a benen ta nuna masa yana tsakiyar kogi. Kwan lantarki ya yi ƙyafta-ƙyafta ya dawo. A rufin bene kuwa ko ledar da ke maƙale a waya ba ta motsa ba. Rana ta tsaya a kan hular kwano, ta yi aikinta.

Kyaftin ya hura usur. Ya buga ƙofa. Daga baya ya fara haɗa mutane da Allah. 'Yan hayan da ba su taɓa bin dokarsa ta zubar da shara ba, ran nan suka yi biyayyar da ta ba kowa sha'awa. Direban tasi ya jiƙa yatsa da yawu, ya miƙa waje ta ƙofar shiga, ya dawo ya ce iska ba ta iso ba tukuna.

Aka yi zaɓe a inuwar matakala. Dokar kwamiti ta ce ba a zaɓen wanda ba ya wurin, kuma Kyaftin ne ya kafa ta da kansa. Tela ta ci.

Da yamma matar Kyaftin ta dawo daga aiki ta buɗe ƙofa, ta same shi a ƙarƙashin tanki, leɓe ya bushe, igiya na nan a ƙugu. Likita ya ce zafin rana ne, ya kwanta ya sha ruwa.

Sabuwar shugaba ta je yi masa sannu. Ta tabbatar masa kwamiti ya yarda da hasashensa ɗari bisa ɗari, don a duk faɗin garin shi kaɗai guguwar rana ta kwantar.