Ranar da Na Yanka Gaton Haya

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Ba zan taɓa mantawa ba da bikin jikata Habiba, a nan Garwa.

Dangin ango daga Yola suka zo, goggonsa ce jagora. Ni kuwa na ƙudura ba za su koma gida su ce mutanen Garwa marowata ne ba. A tsakiyar zauren biki aka girke gato, wato kek, hawa kan hawa, ya kusa kamo ni tsawo. Amarya da ango suka yanki ɗan na can sama, aka yi tafi, kowa ya tafi ɗaukar hoto. Baƙi ko ɗanɗane.

Na ce ba a gabana ba (shekara da shekaru ni ke rabon tuwo a gidanmu, ba wanda ya taɓa kwana da yunwa). Na ɗauki wuƙa, na yafito Goggo, na yi bisimilla da ƙarfi, na luma a hawan ƙasa, mafi girma.

Abu ya ce ƙiiƙ. Na ce sanyin firiji ne, na ƙara dannawa. Na ciro ƙaton yanki, na miƙa mata da hannu biyu. Jama'a, farin soso ne, irin wanda ake ƙunshe sabuwar talabijin da shi.

Madam mai gato ta taho a guje, hannu a ka. "Dada, kin kashe ni! Na haya ne, gobe garin Maiganga za shi!"

Goggo ta yi dariya har da hawaye. "Hajiya, ai fakejin ne."

"Mene ne kuma haka?"

"Turancin Ingilishi ne, kwalin da ake saka kaya. A wajenmu duk abin da aka ƙawata wajensa, ciki fayau, sunansa ke nan. Gato, mota, har mutum."

"Har mutum?"

Ta kalli awarwaron da na aro, na kalli haƙoranta da suka fi ta ƙuruciya.

Yanzu Habiba tana Yola da 'ya'yanta. Madam ta juya ɓarakar ta kalli bango, gaton nan har yau yana aurar da 'yan mata. Goggo ta tafi da yankinta, duk wanda ya je gidanta sai ta nuna masa karamcin mutanen Garwa. Ni kuwa, abin da duk ya cika kyau, sai na latsa shi da yatsa kafin in yi bisimilla.