Ranar da Na Hana Ɗiyata Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ranar da uwargida ta tafi suna Bodinga ta bar mini ɗiyarmu Asma'u, mai shekara biyu. Ni fa malamin kimiyya ne, na tsufa ina shaƙar alli a sakandaren 'yan mata. Don haka da ta tsaya jero mini ƙa'idojin raino, cewa na yi ta hanzarta kada mota ta cika.

Kafin azahar yarinya ta fara amai da zawo. Na ba ta ruwa, ta dawo da shi. Na ba ta kunu, ya bi ta ɗaya hanyar. Sai na zauna na yi nazari irin na masana: tunda duk abin da ya shiga fitowa yake yi, a rufe mashiga, mafita ta rufe kanta. (Har gyaɗa kai na yi don jin daɗin wannan hikima.) Na ɗora kofinta bisa firji. Tana miƙa hannu, ina ba ta haƙuri.

Aman kuwa ya tsaya. Amma wajen la'asar idanunta suka faɗa, leɓe ya bushe, tana kuka babu hawaye, fitsari kuma tun na safe. Na saɓe ta sai wani ƙaramin asibiti wajen Ƙofar Taramniya, takalmina wari da wari.

Nas ɗin da ta karɓe mu ta rusuna. Balkisu ce, tsohuwar ɗalibata. Ta ɗan ja fatar cikin yarinyar, fata ta koma a hankali.

"Malam, mi kab ba ta tun da abin ya soma?"

"Ba komi," na ce, har da ƙarin bayanin mashiga da mafita, a gaban mata cike da benci.

"Ko ruwa?"

Na duƙar da kai. Ta juye ƙunshin garin gishiri da sukari cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ta miƙo mini cokali. Kaɗan-kaɗan, in ji ta. In ta yi amai a jira minti goma a ci gaba, ga kuma ƙwayar zinki ta kwana goma. Sannan ta sassauta murya, amma ba yadda benci zai kasa ji ba.

"Malam, ai kai ka koya muna wanga. Har durƙuso kas sa ni da na mance."

Wata tsohuwa ta gyara goyo. "Ɗiyata, wace makaranta shike koyarwa? In san inda ba ni kai jikata."

Cokali bayan cokali, kafin magariba Asma'u ta buɗe ido sosai, ta tsula mini fitsari a sabuwar shadda. Ban taɓa murnar ɓacin tufa kamar ta ranar ba.

Na dai koyi cewa yaro mai amai da zawo ƙara masa ruwa ake yi. Na kuma daina sa ɗalibai durƙuso, don mutum bai san wadda zai tarar cikin farar riga ba.